Su da Masunta a Fadamun Gobir

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Goronyo ta nufi Sabon Birni a tsakiyar bazara, ya ga yadda ƙasa ta yi fari fat, rairayi ya kwanta a cikin gulabe har yaro yana ƙetare su da takalmi a ƙafarsa, da wuya ya gaskata in an ce masa a wannan ƙasa akwai gidajen da tun kaka da kakanni da su aka san su, a ruwa suke cin abinci, a ruwa suke samun abin aurar da 'ya'ya da abin yi wa iyaye sutura. Amma kuwa haka al'amarin yake. Gobir ta gabas ba ƙasar duwatsu ba ce, ba ta kuma da wani babban tafki guda da za a nuna wa baƙo. Abin da Allah Ya hore mata shi ne fadama mai faɗi, wadda ruwa yake mamayewa da damina, in ya janye ya bar tafkuna barkatai, manya da ƙanana, kowane da sunansa da garin da yake da haƙƙi a kansa.

Ruwan nan kuwa mafi yawansa baƙo ne, daga nesa yake tahowa. Gulbin Bunsuru da Gulbin Gagare suna gangarowa daga tuddan Katsina da Zamfara, su gamu a nahiyar Isa, su miƙa arewa. Shi kuwa Gulbin Maraɗi, a ƙasar Katsina ya faro, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya wuce Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya juyo ya sake shigowa Nijeriya ya tarar da 'yan'uwansa a wajajen Sabon Birni. Daga nan ne ake kiran ruwan Gulbin Rima, wanda yake karkata yamma ya bi ta Goronyo da Wurno, ya haɗu da Gulbin Sakkwato, ya ratsa Argungu da Birnin Kabi har ya faɗa Kwara. Saboda haka hadarin da ya zuba a Dutsin Ma ko a Ƙauran Namoda, bayan 'yan kwanaki masuncin Isa ne zai ga alamarsa a bakin gaɓa, ko da shi a garinsu ko ɗigo ba a yi ba.

Sarakunan Gobir sun san darajar wannan ruwa tun da daɗewa. Da Sarkin Gobir Babari ya rinjayi Zamfarawa a tsakiyar ƙarni na 18, a gefen wannan gulbi ya kafa Alƙalawa, birnin da Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki a cikinsa, wanda kuma jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawan da ba su miƙa wuya ba suka kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi, kuma da Ɗan Halima ya ɓata da 'yan'uwansa na Tsibiri, a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, fadamar Rima ya komo ya gina Sabon Birni, ba nisa da kufan Alƙalawa. Marubuta tarihi sun cika littattafai da labarin dawaki da sulke da ganuwa, amma ba su cika waiwayar mutumin da yake tsaye cikin ruwa iyakar ƙirji yana neman abin da za a sa a miya ba, alhali kuwa mayaƙan nan duka sun ci daga hannunsa.

Shekarar masunci tana farawa ne da sabon ruwa. In damina ta kankama, gulbi ya kawo, ya yi ja saboda laka, ya tumbatsa ya fantsama cikin fadama, sai kifi ya biyo shi yana hawa, ya bar tsakiyar gulbi ya shiga cikin ciyawa da burgu da gindin itatuwa inda ruwa bai da zurfi kuma yana da ɗumi, a can yake zuba ƙwai. Ƙasar da shanu suka yini a kanta duk rani suna kiwo, takinsu ya narke a ruwa, ƙwari da tsutsotsi su yawaita, 'ya'yan kifi su sami abinci a yalwace da maɓoya daga manyansu, su yi girma cikin hanzari. Wannan shi ne asirin al'amarin gaba ɗaya: gwargwadon faɗin ƙasar da ambaliya ta rufe da tsawon kwanakin da ta yi a kai, gwargwadon kifin da za a samu a shekarar. Tsofaffin masunta ba su karanta wannan a makaranta ba, amma in sun dubi inda ruwa ya tsaya a jikin wata tsamiya ko wata ƙirya da suka saba aunawa da ita, suna iya gaya maka tun watan tara ko bana shekarar kifi ce.

Da kaka ruwa yakan fara janyewa, kifin da ya yi azama ya bi shi ya koma gulbi, a nan ne ake datse hanyoyinsa da gura da shinge. Wanda ya makara kuwa sai ya tsinci kansa a cikin tafki, hanya ta yanke. Akwai tarwaɗa mai santsi da gashin baki, wadda take iya jure ruwan da ya ƙazanta domin tana shaƙar iska. Akwai ƙarfasa mai yawan haihuwa, da ƙurungu mai ƙaya wanda yake gurnani in an kama shi, da bargi mai manyan ɓawo, da yauni mai tsawo wanda ake kai wa manya, da tsage mai haƙora, da ƙawara, da minjirya wadda in ka taɓa ta sai ta girgiza ka har kafaɗa. Giwan ruwa, sarkinsu duka, ya fi son ruwa mai zurfi, shi ya sa a yau an fi samunsa a tafkin madatsar Goronyo.

To, a nan ne hikimar mutanen dā take bayyana, kuma a nan nake so mai karatu ya dakata. Tafkin da ya cika da kifi a watan goma, in da an bar kowa da son ransa, kafin sanyi ya shigo an share shi tas, an kwashe 'yan ƙanana tun ba su kai tsawon yatsa ba, kowa ya ci na kwana uku a koma zaman babu. Sai al'ada ta hana. Sarkin gari, bisa shawarar Sarkin Ruwa, yakan sa wa manyan tafkuna doka, a yi shela cewa daga yau ba mai jefa koma ko taru a wuri kaza sai ranar da aka buɗe shi. Makiyayi zai shayar da dabbobinsa, mata za su ɗebi ruwa, mai lambu zai yi ban ruwa, yaro ma in ya tsoma fatsarsa a gefe ba a cika tsananta masa ba, amma su na sosai ya haramta. Haka za a yi ta kallon ruwan wata da watanni, mutane suna wucewa ta gefensa da safe da maraice, suna ganin kifi yana wutsil-wutsil, cikinsu kuwa wata rana ba kome sai kunu, amma ba mai taɓawa, saboda tsoron tara da kuma abin da ya fi tara ciwo, wato a ce ɗan gidan wane ne aka kama yana satar ruwan jama'a.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi ba tare da bayani ba. Sun karantar da cewa abin ruwa halal ne, ba ya bukatar yanka. Sun karantar da cewa sayar da kifi tun yana cikin ruwa ciniki ne na garari, domin mai saye bai san abin da ya saya ba, mai sayarwa kuma ba shi da ikon miƙa shi. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil ma an nuna cewa asali ba a hana mutane kamun kifi, har a ruwan da ya kwanta a ƙasar wani, ko da yake masu sharhi sun yi tafsili a kan haka. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa ya wallafa Ta'alimur Radi musamman a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita, da hurumi, da abin da shugaba yake da ikon keɓewa domin maslahar jama'a. In aka haɗa waɗannan, abin da yake fitowa shi ne: shugaba yana iya rufe tafki domin amfanin kowa, amma ba shi da hujjar rufe shi domin ya sayar wa attajiri guda. Na faɗi haka ne saboda a wurare da dama a ƙasar Hausa an fara jin cewa wane ya sayi tafki kaza na bana, ya kawo injin ya tsotse ruwan, ya kwashe kifin har da na cikin laka. A ganina wannan zalunci ne, ko da an rubuta takarda an buga mata hatimi.

Ranar buɗe ruwa kuwa, wadda takan faɗo cikin rani bayan an gama kai amfanin gona rumbu, rana ce da ba a mantawa. Tun ana sauran kwanaki za a aika garuruwan makwabta, kuma a dā iyakar Nijeriya da Nijar ba ta hana kowa zuwa, domin Bagobirin Tsibiri da na Sabon Birni ɗan'uwan juna ne. Da hantsi za ka ga mutane sun yi wa tafki zobe, kowa ya tuɓe ya yi ɗamara, a kowane hannu yana riƙe da homa, wato komar nan da aka ɗaura a kan lanƙwasasshen itace, wadda ake buɗe biyu a cikin ruwa a haɗa bakinsu kamar mai tafi. A gabansa ga ƙaton gora mai baki a sama, wanda zai kwanta a kai da ƙirji ya yi iyo in ruwa ya fi ƙarfinsa, kuma a cikinsa zai riƙa jefa abin da ya kama. Liman ya yi addu'a, Sarkin Ruwa ya fara sa ƙafa, makaɗa su ɗauka, sai jama'a su afka gaba ɗaya. Cikin ɗan lokaci ruwan ya dagule ya zama laka, kifi ya rasa inda zai sa kansa ya riƙa tasowa sama, wani ya nutse ya daɗe har a fara zullumi, sai ga shi ya ɓullo rungume da tarwaɗar da ta kai cinyarsa kauri, mata a gaɓa su rangaɗa guɗa. Yara suna bin gefe da ƙwarya suna tsintar abin da ya kuɓuce wa manya. Kafin la'asar an fito, a fitar da rabon sarki da na Sarkin Ruwa, a aika wa malamai da tsofaffi da gwauraye, kuma a daren nan da wuya ka sami gidan da hayaƙin kifi bai tashi ba. Abin da duniya take zuwa kallo a Argungu, wanda ya zama biki tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016, asalinsa wannan ne, kuma ƙauyukan da ke bakin Rima sun san shi ba tare da an kafa rumfar baƙi ba.

In tafki ya ƙafe ƙurmus, ƙasa ta tsattsage, ba a gama ba tukuna, domin akwai gaiwa. Wannan halitta tana cikin ayoyin Ubangiji ga mai tunani. Tana da huhu, tana shaƙar iska. In ta ji ruwa zai ƙare sai ta haƙa rami cikin laka ta naɗe jikinta, kai a sama, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi da yake bushewa ya zama mata kube, ta bar 'yar ƙofa ta numfashi, ta kwanta a nan watanni ba ci ba sha, jikinta yana cin kansa a hankali, har ruwan wata damina ya jiƙa ƙasa ta farka. Masu neman ta sukan bi busasshen tafki da sanda da fartanya suna duban 'yar hudar nan, in sun gani su tona, su fito da kifi mai rai daga ƙasar da ƙura take tashi a kanta.

Abin da namiji ya kamo, hannun mace yake faɗawa. Ita za ta fede, ta wanke, ta lanƙwasa tarwaɗa ta soke wutsiyarta a baki ta zama kamar gammo, ta jera a kan wayar banda, ta hura wuta marar harshe a ƙasa, ta yi ta juyawa har kifin ya yi baƙi-baƙi yana ƙyalli, ya bushe yadda zai yi makonni bai lalace ba. Ƙananan kuwa a shanya su a rana, ko a soya a barbaɗa yaji, 'yan mata su ɗauka a faranti su zaga gari. Daga kuɗin nan ake tara kayan ɗaki, ake zubin adashi, ake biyan kuɗin Laraba na makarantar allo. Fatake suna bin kasuwannin mako suna tarawa a kwando da kwali, su kai Shinkafi ranar Alhamis, daga can ya wuce Gusau da Sakkwato har kudu. Ga talakan da ba ya ganin nama sai Babbar Salla ko ranar suna, ɗan busasshen kifin da aka marmasa a miyar kuka shi ne naman 'ya'yansa.

Shi kuma Sarkin Ruwa aikinsa bai tsaya ga ranar su ba. Shi ne mai raba gardama in tarun wani ya hau na wani, shi ake tasa da tsakar dare in kwalekwale ya kife, shi da yaransa suke nutso su nemo gawa domin a yi mata sutura, kuma gidansa ake kai wanda ƙayar kifi ta maƙale wa a wuya. Yawancin masu wannan sarauta suna danganta kansu da Sarkawa, ƙwararrun masuntan da suka bazu daga ƙasar Kabi da Yawuri. Gaskiya ne a dā sana'ar ta cuɗanya da yanka wa iskokin ruwa da wasu tsafe-tsafe, kuma malamai sun yi daidai da suka yaƙi wannan. Sai dai a wajen zubar da abin da shari'a ta ƙi, bai kamata a haɗa da ilmin ruwa da dokar hana su ba, domin waɗannan ba su saɓa wa addini da kome ba.

Yau fa al'amarin ya raunana, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Farin 1973 da na 1984 sun ƙafar da tafkunan da ba a taɓa ganin ƙasansu ba. Sa'an nan aka shiga gina madatsai: Zobe a kan Karaduwa da ke zuba cikin Bunsuru, Jibiya a kan ruwan da yake zama Gulbin Maraɗi, da Goronyo wadda aka kammala a 1984 domin ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Na sama suna rage ambaliyar da take isowa fadama, ta ƙasa kuma ta tsaya a kan hanyar kifin da yake hawowa daga Kabi. Ba na musun amfanin madatsa. Birnin Sakkwato yana sha daga Goronyo, manoman rani suna ci, tafkinta ma ya zama matattarar masunta. Amma lokacin da ake lissafin riba ba a sa masuncin fadama a cikin lissafi ba. Wani masani ɗan Ingila, William Adams, ya bi garuruwan da ke ƙasan madatsar Bakolori bayan an gama ta a 1978, ya tarar ambaliya ta ragu, kifi ya ragu, masunta da yawa sun bar sana'ar ko sun bar gida. Ita Goronyo kanta, a 2010 ruwanta ya yi ɓarna mai yawa a garuruwan da ke ƙasa da ita, a 2018 kuma ta janye har ya rage kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da aka gina ta ta ɗauka. Ga kuma rairayi da yake cike tafkuna shekara bayan shekara, saboda an sare itatuwan gaɓa an nome har bakin ruwa.

Wani laifin kuwa namu ne, ba na gwamnati ba. Kakanninmu sun san magimfa, amma ba su kai ga abin da ake yi yanzu ba, inda mutum zai tsiyaya maganin ƙwari irin su Gamalin cikin ruwan da mutane da dabbobi suke sha, ya kashe babba da ƙarami da ƙwai, ya kwashi mushen ya kai kasuwa Musulmi su saya su ci. Wani kuma gidan sauron da aka ba matarsa a asibiti domin ta kare jariri daga zazzaɓi, shi zai ɗinke ya mai da shi taru, wanda ko ɗan kifi mai kwana bakwai ba ya tsallake shi. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, ta kuma ƙayyade faɗin idon taru, amma dokar da ba mai tsaron ta a bakin tafki, takarda ce kawai. Wanda yake iya tsaron ta shi ne Sarkin Ruwa, shi kuwa an bar shi da rawani ba iko.

A kan waɗannan duka sai ga musibar da ta fi su. Shekarun nan 'yan bindiga sun addabi gabashin Sakkwato, Isa da Sabon Birni kuwa su ne a bakin wuta. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. Dubban mutane sun ƙetara Nijar suna gudun hijira a ƙasar Gidan Rumji. A 2021 an rufe kasuwannin mako an katse layukan waya domin a matsa wa ɓarayin, talaka ya sha wuyar abin tare da su. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, Allah Ya jiƙansa da rahama. A irin wannan hali masunci yana cikin waɗanda suka fi shiga uku, domin sana'arsa ta magariba ce da asuba: da faɗuwar rana yake kafa kalli da mamari, da jijjifi yake komawa dubawa, a fadamar da ba gida kusa, a daidai lokacin da mutanen daji suke yawo. Ranar su kuma taro ce, taro kuwa ya zama abin tsoro. Garin da aka watse ba mai yin shela, ba mai rufe tafki, ba mai buɗe shi, yaron da ya tashi a sansanin gudun hijira kuma ba zai san yadda ake riƙe homa ba, balle ya san tafkin da yake na kakanninsa.

Saboda haka ina roƙon hukumomin Jihar Sakkwato, da Majalisar Sarkin Musulmi, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, in Allah Ya kawo lafiya ana rabon taki da iri ga manoman da suka koma gida, a tuna da masunta a ba su taru mai ƙa'ida da kwalekwale. A rubuta sunayen tafkunan Isa da Sabon Birni da garuruwan da suke da haƙƙi a kansu tun tsofaffin da suka sani suna da rai, a mayar wa Sarakunan Ruwa ikon kama mai zuba guba, a hana sayar da ruwan jama'a ga mutum guda, kuma masu riƙe da makullan Zobe da Jibiya su riƙa sakin ruwa a lokacin da kifi yake zuba ƙwai. Malamai kuma, don Allah, su sa wannan magana cikin huɗubar Jumma'a kafin ruwan bana ya janye.